"Firi saiz" ɗin nan, wai jikin wa aka auna?

Yau maganar abaya ce ta kawo ni. Ku yi haƙuri ta ɗan yi tsawo, musamman ku 'yan uwana masu sayar da kaya a sitatus, da ku nake.

Sati uku da suka wuce aka sa mini ranar gabatar da tsarin binciken digirina na biyu a gaban malamai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen nan ya san ba ka so a ce kaya ma suna cikin abin da ke damunka. Sai na ga wata abaya a sitatus ɗin wata mai kawo kaya daga Kano. Bidiyo ne, yarinya doguwa siririya ta kare fuska da waya a gaban madubi, tana juyawa abayar tana zuba. Na yi mata magana na ce ni fa ina da jiki, za ta yi mini? Ta ce, "Hajiya firi saiz ce, kowa tana yi masa, ki dai zaɓa 56 ko 58." Na tura N38,000, na ƙara kuɗin mota. Kwana biyu direba ya kira, na je tasha na karɓo, na dawo gida Fadaman Mada da murnata.

Hannun a damtse ya tsaya. Da na matsa ya shige, sai gaban ya ƙi haɗuwa. Na tura mata hoto, ta ce ba sa karɓar kaya in sun fita. Sannan ta ƙara da cewa ko dai in ɗan rage tuwon dare, da alamar dariya guda uku. Wallahi kuɗin sun yi mini ciwo, amma dariyar nan ta fi.

Da na kai wa telana a Wunti ko zai iya buɗa ta, sai ya shimfiɗa ta a tebur ya ɗora tef. Daga kafaɗa zuwa ƙasa inci 56 cif. Ya ce, "Anti, ai lambar nan tsawo ce. Ba ruwanta da faɗi." Shekara nawa ina sayen abaya ban san haka ba, kuma na tabbata da yawanmu ba su sani ba. 52, 54, 56, 58, 60, duk tsayinki suke faɗa. Faɗin ƙirji, faɗin damtse, faɗin ƙugu, babu wanda lambar ta ambata. To in mai sayarwa ta ce miki firi saiz, abin da take nufi shi ne faɗi ɗaya aka yanka, kuma a jikin wata aka auna shi. In kin dace jikinki irin nata ne, madalla. In ba ki dace ba, ki nemi ƙanwar da za ki ba kyauta.

Abin da ya sa abin ya tsaya mini a rai shi ne na san akwai inda ake wannan kasuwancin ba haka ba. A Amurka akwai tashoshin talabijin da ba su da aiki sai sayar da kaya, kamar HSN da ta faro a Florida a 1982, da QVC da aka kafa a 1986. Ku nemi bidiyonsu a YouTube ku gani. In za su nuna riga, sau da yawa mata biyu ko uku ne za su fito sanye da ita, wata siririya wata mai jiki, mai gabatarwa ta faɗi tsayin kowacce da saiz ɗin da ta saka. Mai kallo a gida ta dubi wadda ta fi kama da ita ta ga inda rigar ta tsaya mata, yadda hannun ya zauna, ko baya ya ɗage. Kada ku ɗauka tausayin masu ƙiba ne ya kama su. Lissafi suka yi. A can in kaya bai yi ba mai saye tana mayarwa, asarar kuma tana komawa kan kamfanin, shi ya sa gaskiya tun farko ta fi musu arha. Mu a nan asarar tana kan mai saye ita kaɗai, to me zai sa mai sayarwa ta wahalar da kanta?

Mu tashar saye da sayarwarmu ita ce sitatus ɗin WhatsApp da Instagram da TikTok. Tsarin ɗaya ne: ki gani a allo, ki biya kafin ki taɓa. Mun ɗauko tsarin, mun bar musu awon.

Abin dariyar ma shi ne mu da muka tashi da tela bai kamata a koya mana wannan ba. Iyayenmu turmin atamfa suke saye, yadi shida, su kai ɗinki. Tela ya auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, ya rubuta a littafinsa da sunanki. Ba ya ce miki kin yi yawa. Iyakarsa ya ce yadin ba zai fitar da ɗankwali ba, ki ƙaro. Telolinmu suna da nasu halin, kowa ya san alƙawarin tela ana gobe Sallah, amma ban taɓa jin wanda ya ce wa mace ta canza jiki don ta shiga rigarsa ba. Sai da ɗinkakkun kaya na Dubai da Sin da Turkiyya suka cika kasuwa muka koma jiki ne ke bin riga.

Ga inda abin ya wuce maganar kwalliya. Kusan duk manyan makarantunmu na Arewa suna da dokar sutura, kuma matsattsun kaya na cikin abin da ake hanawa. Ko babu doka ma akwai idon mutane. Rigar da ta sauka wa siririya a sake, ita ce dai za ta kama mai jiki a ƙirji da ƙugu. Riga ɗaya, shago ɗaya, kuɗi ɗaya. Waccan a ce mai kamun kai, wannan a tsayar da ita a bakin get ko a bi ta da kallo a aji, a ce tana nuna jiki da gangan. Na san 'yar ajinmu da ke ɗora ƙaton hijabi a kan abayar anko a zafin watan Afrilu na Bauchi, don ankon da aka yi odarsa saiz ɗaya aka kawo wa kowa, ita kuma ba ta son ta zama ita kaɗai ce ta yi ƙorafi a gurup.

Na san abin da wasu za su ce: ku rage ƙiba mana, ai lafiya ce. To, maganar lafiya tsakanina da likitana ce, kuma ko yau na fara atisaye, gobe sai na sa kaya na tafi lakca. Ku dubi kuma yadda muke da baki biyu a garin nan. Siririya a ce mata ba ta da komai, har wasu su koma shan sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne a ciki, maganin da ke iya tayar da suga da hawan jini in an sha shi ba bisa umarnin likita ba. Mai jiki kuma a tura mata tallan shayin rage tumbi. Wani lokacin ma a sitatus ɗin mutum ɗaya za ki ga tallan duka biyun, ɗaya na bin ɗaya.

Masu sayarwa kuma za su ce su ma haka suka saro a Kantin Kwari, babban saiz ya fi tsada kuma ba ya yawa. Wannan na yarda, kuma na san yawancinku ɗalibai ne irina, da ribar nan kuke biyan haya da kuɗin buga furojet. Ban ce ki kawo abin da babu ba. In babban saiz ya fi cin yadi ki ƙara kuɗi, zan biya. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin katin waya ba: tef ɗin awo. Ki shimfiɗa rigar, ki auna faɗin ƙirji da na damtse da tsawo, ki rubuta a ƙasan hoton. In kina da ƙawa mai jiki a hostel, ki roƙe ta ta saka ki ɗauka, ki rufe fuskar yadda kike rufe ta siririyar. In kuma kina ganin nuna mace a talla bai dace ba gaba ɗaya, ina girmama hakan, lambobin kaɗai sun wadatar. In rigar ba za ta yi mini ba, ki ce ba za ta yi ba. Na fi son in rasa abaya da in rasa N38,000.

"Ba ma karɓar kaya in sun fita" ɗin nan ma ku daina faɗinta kamar aya ce. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta a islamiyya, ya halatta a sayar da abin da mai saye bai gani ba bisa siffantawa, amma in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin fasawa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ce kayan da aka saya bisa bayani ko samfur dole su yi daidai da bayanin. Wadda ta ce "kowa tana yi masa" ta siffanta kayanta ke nan.

Ranar gabatarwar dai tsohuwar doguwar rigata ta atamfa na saka, wadda telan Wunti ya ɗinka mini bara. Abayar kuma tana jikin ƙanwata da ke aji biyu, ta yi mata kyau sosai, har ana tambayarta inda ta saya.