Girgizar Ƙasa da Tushen Gini a Rano da Kibiya

Attajiran Rano da Kibiya sun shiga gina benaye na siminti, ga kantuna, ga makarantu. Abin madalla ne. Sai dai dukiyar tana ƙarewa a fenti da ƙyaure, tushe kuwa a bar wa birkila ya yi yadda ya ga dama, wai ƙasar Hausa ba ta girgiza.

Lalle girgizar ƙasa ba ta yawaita a nan ba, amma ba a ce babu ita ba. A 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna har bangaye suka tsage. A 2018 ta motsa a Mpape ta Abuja. Ta ƙasar Maroko kuwa, a 2023, ta hallaka mutum kusan 3,000, galibi a ƙauyukan da ke da ginin ƙasa.

Ƙasar Rano da Kibiya ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri dutse ne kusa, wanda ya haƙa kaɗan ya tarar da shi, wannan ya huta. Wani wuri fadama ce, ko kududdufin da aka cike da shara aka sayar a matsayin fili. Nan haɗarin yake, domin ƙasa mai taushi tana ƙara ƙarfin girgiza, yashi mai ruwa kuma yakan saki ya koma kamar kunu, gini ya nutse ta gefe ɗaya.

Dabarar injiniyoyi a irin wannan wuri ita ce su haƙa ramuka masu zurfi har su cim ma ƙasa mai tauri, su sa rodi, su zuba kankare, ya zama turaku. Sa'an nan su ɗaure kawunan turakun da ɗamarar kankare a daidai fuskar ƙasa. Ɗamarar nan ita ake rainawa, alhali in babu ita kowane turke nasa wuri zai nufa, bango ya rabe. In tana nan, gidan ya motsa gaba ɗaya. Sharaɗi ne rodin turke ya shiga cikin ɗamara sosai, a kuma matso da zobban ƙarfe kusa da juna wajen kan turken, don a nan ya fi shan lanƙwasa. Wanda ya rage rodi huɗu don ya sayi labule, to, shi ya sani.

Masu cewa wannan rashin tawakkali ne, malamai sun san riƙon sababi bai kore tawakkali ba. Mai gidan haya da mai makarantar bene rayukan mutane ne amana a hannunsu. Kada a aza tubali sai an kira injiniya ya auna ƙasar, ko da kuwa filin gado ne.