RA'AYINMU: A Daina Wulaƙanta Mai Tsaron Gida



Duk wanda ya je fili ranar Alhamis da ta wuce ya ga abin da ya faru bayan alkalin wasa ya hura tashi. An ci gidan da ya kai wasan ƙarshe biyu da ɗaya, sai kowa ya juya kan yaro ɗaya, wato mai tsaron gida. Wasu na ce masa rariya, wasu na ce masa kwando, har da masu jifansa da ɓawon rake. Ya ɗauki takalmansa ya bi ta bayan ajujuwa shi kaɗai, gwiwarsa na jini. Washegari bai zo makaranta ba.

Biyu daga cikinmu suna bakin fili da littafi da biro. Sun ƙirga ƙwallo tara da yaron nan ya hana shiga, uku daga ciki gaba da gaba ne da ɗan wasan gaba. Sun kuma ƙirga damar da 'yan gaban gidansu suka zubar, har sau biyar. Ba mu ji wanda ya kira ɗayansu da wani suna ba. Shi ya sa muka ce a wannan makon, maganar gola za mu yi.

Da farko mu tambayi kanmu, yaya ake zaɓen gola a nan Kurugu? Kowa ya sani. In an ajiye duwatsu biyu ko takalma an raba 'yan wasa, sai a duba wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda ba ya gudu, ko wanda ya zo a makare, a ce "kai je ka kama mana". Babu wanda ya taɓa koya masa yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, ko inda zai tsaya in za a yi bugun kwana. Ba shi da safar hannu. Gaban ragarmu kuwa tsakuwa ce da tsidau, ga ƙasa ta bushe ƙamas tun da damina ta ɗauke. A haka muke so ya yi ta shawagi kamar waɗanda muke gani a gidan kallo. In an yi nasara, wanda ya zura ƙwallo ake ɗagawa sama. In an faɗi, shi ne mai laifi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba a makarantarmu kaɗai abin yake ba. Ku tambayi duk wani mai son Kano Pillars wa ya fi cin ƙwallo a gasar Najeriya ta 2010, nan take zai ce Ahmed Musa, ƙwallo 18. Madalla. To sai ku tambaye shi wa ya tsare wa Masu Gida raga lokacin da suka ɗauki kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Da yawa sai sun yi ta sosa ƙeya kafin su tuna da Theophilus Afelokhai. Haka nan kowa ya haddace cewa Sunday Mba ne ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013. Amma ƙwallo ɗaya tak ba ta ba da kofi sai in wani ya hana a farke ta, kuma Vincent Enyeama ne ya yi wannan aikin. Shi ne ya buga wa Najeriya wasa 101. Shi ne kuma a kofin duniya na 2010 Ajantina ta ci mu ɗaya da nema, amma duk da haka aka ba shi gwarzon wasan saboda yadda ya hana Messi sakat. A ƙungiyar Lille ta Faransa ya taɓa yin wasa 11 a jere ba a zura masa ko ɗaya ba.

Kakanninmu da suka saurari ƙwallo a rediyo a shekarun 1960 suna tuna Inuwa Lawal Rigogo, golan Green Eagles, wanda saboda tsallensa aka yi masa laƙabi da mage mai tashi sama. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa jin sunansa? Ko a duniya ma, tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or, gola ɗaya ne ya taɓa samunta, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet, a 1963.

Ga kuma ɗaya gefen. A watan Janairun 2022 Tunisiya ta fitar da Najeriya daga kofin Afirka a Garwa da ci ɗaya. Mutum goma sha ɗaya ne suka buga, amma Maduka Okoye aka yi wa ca a intanet da zagi har da barazana. Bayan shekara biyu, Stanley Nwabali ya kaɗe fenareti biyu na Afirka ta Kudu ya kai mu wasan ƙarshe, sai ga masu zagin gola sun koma yi wa gola kirari. Wurin ɗaya ne, aikin ɗaya ne, mu 'yan kallo ne ba mu da alƙibla.

Akwai wani wasa da ake yi a Amurka da Japan da Kuba mai suna besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya kuma ya make ta da gora. A bayan mai gorar akwai wani mutum a tsugune, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da ƙwaurinsa a ɗaure da kariya. Aikinsa cafe ƙwallo mai tauri da ke zuwa da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, sau fiye da ɗari a wasa guda. Shi kaɗai ne ke fuskantar fili gaba ɗaya, don haka shi ke yi wa mai jifa ishara da yatsu ya faɗa masa irin jifan da zai yi. Wato ɗan uwan golanmu ne, yana baya amma shi ne idon ƙungiya.

Ɗaya daga cikin gwanayen wannan aiki shi ne Roy Campanella, haifaffen Filadelfiya a 1921. Tun yana ɗan shekara goma sha ya fara bugawa a gasar baƙaƙen fata, domin a lokacin an hana su shiga babbar gasa. Sai a 1948 ya shiga Brooklyn Dodgers, shekara ɗaya bayan Jackie Robinson ya buɗe ƙofar. Sau uku aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa amfani a gasarsu, 1951 da 1953 da 1955. A Janairun 1958 ya yi haɗarin mota, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu har zuwa rasuwarsa a 1993. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a watan Mayun 1959 mutum fiye da 93,000 suka cika filin wasa a Los Anjeles don karrama shi, aka kashe fitilu, kowa ya ƙyasta ashana. Mutumin da ba zai sake cafe ƙwallo ba ke nan. Mu kuwa namu yana da ƙafafunsa, ya kare mu sau tara, muka sallame shi da ɓawon rake.

Wani zai ce ai ƙwallo ta biyu laifinsa ce. Gaskiya ne, ta suɓuce masa a hannu, mun gani, shi ma ya sani. Ba mu ce kada a gyara wa gola kuskure ba. Amma kuskuren ɗan gaba ƙwallo ce ta fita waje a manta, na gola kuwa a kan allo ake rubuta shi. Wanda ya yarda ya tsaya a wurin da kuskurensa ba ya ɓoyuwa ya fi cancantar a yi masa uzuri. In muka ci gaba a haka, gasar baɗi ba za a sami mai kamawa ba sai an tilasta wa ɗan aji ɗaya, kuma ranar da muka fita buga wa makarantar nan wasa a Karaye ko Rogo, kwando na gaskiya za mu tafi da shi.

Mu ma 'yan jarida da namu laifin. Mun duba duk rahotannin wasa da muka liƙa a allon nan zangon da ya wuce, babu inda muka ambaci gola sai a ranar da aka ci shi. Mun tuba. Daga yau duk rahoton da za mu rubuta zai zo da sunan gola da yawan ƙwallon da ya hana.

Sauran roƙonmu kaɗan ne. Muna roƙon malamin wasanni ya ware ko da minti goma sha biyar a kowace ranar atisaye don masu tsaron gida su kaɗai. Muna roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su taimaka da safar hannu ƙafa biyu, a ajiye a ofis ana ara. Ranar rabon kyaututtuka kuma, a sa kyautar gola kusa da ta wanda ya fi cin ƙwallo. Share tsakuwa da tsidau da zuba yashi a gaban raga kuwa ba sai mun jira kowa ba. Mu za mu fito ranar Asabar da safe da tsintsiya da baro, duk mai so ya same mu a can.

Kai kuma ɗan uwa mai tsaron gida, mun ji ka ce ba za ka ƙara kamawa ba. Ka yi haƙuri ka dawo. Waɗanda suka jefe ka, muna fata su riga mu zuwa ba ka haƙuri.

Wassalam.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Kurugu