Wladislaw, Babban Wa da Ƙannensa Suka Kora

Makon nan zan kai ku ƙasar Poland, shekaru kusan ɗari tara baya, gidan wani basarake da rigimar 'yan ubanci ta ɗaiɗaita.

Boleslaw na Uku ya rasu a 1138. Shi kansa ya sha yaƙi da ɗan ubansa Zbigniew har ya sa aka makanta shi, don haka bai so 'ya'yansa su maimaita ba. Sai ya bar wasiyya: a raba ƙasar yanki-yanki tsakanin 'ya'yansa, babban cikinsu kuma ya riƙe birnin Krakow, ya zama shugaba a kan sauran. Babban shi ne Wladislaw, haifaffen 1105, wanda ya samu yankin Silesiya a matsayin gadonsa.

Matsalar ita ce shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. Mahaifiyarsa, gimbiya daga Kiev, ta rasu tun yana yaro. Ƙannensa duk 'ya'yan matar uba ne, Salomeya, wadda ke raye kuma idonta na kan rabon 'ya'yanta. A 1141 ta kira taron manya a garin Leczyca ba da saninsa ba. Ku da kanku kun san yadda babban wa ke ji idan aka yi shawarar gida a bayan idonsa.

Marubutan tarihin Poland na dā sun fi ɗora laifin a kan matarsa Agnes, 'yar'uwar Sarkin Jamus Konrad na Uku ta wajen uwa, wai ita ke zuga shi ya haɗe ƙasar duka a hannunsa. Ni dai ina ɗaukar wannan da taka-tsantsan. Ko'ina in gida ya rikice, matar da aka auro daga nesa ake fara nunawa da yatsa, alhali mai gidan da hankalinsa yake.

Abin da ya karya shi kuwa da hannunsa ya jawo. A 1145 ya sa aka kama Piotr Wlostowic, babban hakimin da ya yi wa mahaifinsa hidima, aka makanta shi. Manyan ƙasa suka ga cewa wanda ya yi wa wannan dattijo haka, babu wanda zai ƙyale. A 1146 ya yi wa ƙannensa ƙawanya a Poznan, yana ganin nasara ta zo, sai babban limamin cocin Gniezno ya yi masa korar coci, mabiyansa suka watse, aka fatattaki rundunarsa. Ya tsere zuwa Jamus wurin surukinsa, ƙanensa Boleslaw na Huɗu ya hau kujerar.

Sau biyu Jamusawa suka ɗaga runduna da sunansa. Yunƙurin Konrad a 1146 bai kai ko'ina ba. A 1157 Sarki Frederick Barbarossa ya kutsa har cikin Poland, Boleslaw ya zo ya yi mubaya'a, ya yi alkawarin biyan kuɗi. Barbarossa ya samu abin da ya zo nema, ya juya gida, aka bar Wladislaw da jira.

Ya rasu a Jamus a 1159, bayan shekara 13 yana zaman gudun hijira, bai sake hawa kujerarsa ba. A 1163 aka mayar wa 'ya'yansa Silesiya. Ita kuwa Poland haka ta zauna a rarrabe tsakanin jikoki da tattaɓa-kunne, sai a 1320 aka naɗa wani Wladislaw ɗin, jinin ƙaramin ƙanen nan Kazimir, sarki a Krakow.