Kwaɗin Madagaska Da Manomin Shinkafa

Jama'a, yau zancen kwaɗo za mu yi, kada kowa ya yi dariya.

Madagaska wani babban tsibiri ne a gabashin Afirka. Akwai kwaɗi iri fiye da 300 a cikinsa, kusan dukansu kuwa ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Akwai wani ƙarami mai launin zinariya a dazuzzukan Moramanga, tsawonsa bai wuce inci guda ba. Yanzu yana cikin jerin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, gama an sare dajinsa, an kuma daɗe ana kama shi ana sayar wa Turawa masu kiwonsa don sha'awa.

Daga 1953 zuwa 2014 tsibirin ya rasa wajen kashi 44 cikin ɗari na dajinsa. Manomi ya kan sare kurmi, ya cinna wuta, ya shuka shinkafar tudu a kan toka. Mutanen ƙasar suna kiran wannan noma tavy. Bayan shekara biyu ko uku ƙasa ta gaji, sai ya matsa gaba. Kwaɗo kuwa fatarsa ba ta jure bushewa. In inuwa ta tafi, kududdufi ya ƙafe, shi ke nan.

Masu ilmi da yawa manomin su ke zargi. Ni dai ban bi su ba. Mutumin da ya ke da baki bakwai a gida, ba taki, ba fadama, in ka ce masa ya bar daji saboda kwaɗo, me zai zuba a tukunya? A ba shi taki, a gyara masa kwari ya dasa shinkafar ruwa, sa'an nan a kafa doka.

Ga kuma ɓarnar da ba hannun manomi. A 2014 aka ba da labarin wani baƙon kwaɗo mai dafi, ɗan Asiya, a Toamasina, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar. Ana zaton cikin kayan jirgi ya shigo. Macijin da ya haɗiye shi ya kan mutu, macizan nan kuwa suna cikin masu rage ɓera. To, in sun ragu, rumbun wa ɓera zai shiga? Na manomin nan ne da a ke zargi. Wannan kam laifin masu duba kaya ne a bakin tasha, su ma ya kamata a tambaye su.