Kyamarar Da Ta Dace Da Aljihun Ɗalibi

Duk ɗalibin da ya taɓa fita binciken al'adu ya san alƙalami kaɗai ba ya wadatarwa. Marina da maƙera da hawan salla da tsofaffin takardun ajami duk suna bukatar hoto, kuma sau da yawa dama ɗaya ake samu. Dattijon da ya yarda ya fito da kundin kakansa yau, ba lalle ne ya sake fito da shi gobe ba. Saboda haka ra'ayina shi ne ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ƙaramar kyamara, ko da ta hannu ce, wadda ke ajiye ɗanyen hoto, wato RAW, ya bar ruɗuwa da yawan megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali.

Mene ne ɗanyen hoto? Idan aka ɗauki hoto a tsarin JPEG, kyamara ce ke yanke hukunci a kan launi da haske, ta matse hoton, ta zubar da sauran bayanan. Ɗanyen hoto kuwa yana riƙe da abin da farantin karɓar haske ya gani, mai hoto ya gyara shi daga baya a kwamfuta. JPEG tamkar tuwo ne da aka riga aka tuƙa, RAW kuwa gari ne, yana nan yana jiran yadda aka ga dama a sarrafa shi. A lissafi, JPEG yana da matakan haske 256 ga kowane launi, ɗanyen hoto mai bit 12 kuma yana da 4,096. Amfanin wannan yana bayyana a ranar salla da hantsi, inda farar riga ke walƙiya, fuska kuma ta shige inuwar rawani. A ɗanyen hoto akan iya dawo da aikin da ke jikin rigar, a kuma haskaka fuskar.

Abubuwa uku ya kamata mai saye ya lura da su. Na farko shi ne girman farantin karɓar haske. Na kyamarori masu araha bai wuce kimanin milimita 6 da 4.5 ba, alhali wanda ake kira mai inci ɗaya yana da milimita 13.2 da 8.8, wato ya ninka wancan wajen sau huɗu. Sony RX100 ta shekarar 2012 da Canon G7 X ta 2014 suna da irin wannan babban faranti. Na biyu shi ne faɗin ƙofar gilashi, wanda ake rubutawa kamar f/1.8 ko f/2.0. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan hasken da ke shiga, abin da ke da muhimmanci a cikin zaure mai duhu. Wanda kuɗinsa bai kai ba, yana iya duba Canon S90 ta 2009, ko Panasonic LX5 ta 2010, ko Olympus XZ-1 ta 2011. Megafiksel ɗinsu kusan 10 ne, kuma sun isa buga hoto a cikin kundin bincike.

Na uku shi ne lafiyar kyamarar. Gilashin irin waɗannan kyamarori yana fita yana komawa, ƙurar hunturu kuma takan bi ta nan ta kwanta a kan faranti, inda ba a iya share ta sai an kwance na'urar. Don haka kafin a biya, a tsuke ƙofar gilashi a ɗauki hoton farin bango, in an ga ɗigo-ɗigo a haƙura. A kuma tabbata ana samun batirinta a kasuwa.

Wani zai ce ai wayoyin hannu da yawa suna ɗaukar ɗanyen hoto a tsarin DNG, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 2004. Gaskiya ne, kuma wanda wayarsa ke yin haka ya fara da ita. Sai dai ba kowace waya mai araha ke da wannan ba, kuma jawo abu daga nesa a yawancinsu yanke hoto ne kawai ana faɗaɗa shi. Wani kuma zai ce ɗanyen hoto yana cin wuri da lokaci. Nan ma da gaskiyarsa, domin guda ɗaya na RX100 yakan kai megabayit 20. Maganin haka shi ne a saita kyamara ta ajiye RAW da JPEG tare, a gyara muhimman hotuna kaɗai da manhajojin kyauta irin su darktable da RawTherapee.

Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Malamin gobe da ya zaɓi kyamararsa bisa waɗannan ma'aunai zai shiga aji da hotunan da ɗalibansa za su karanta kowane harafi na ajami a jikinsu, su kuma rarrabe shuɗin baba da baƙi.