Dara ma tana bukatar littafinta

Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, a ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan ba a rasa dattawa a gindin bishiya suna buga dara. Ramuka talatin ne a ƙasa, jeri biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu: wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Jera huɗu kuwa ba ci ba ne.

Daga nan ake fara gardama. Idan mutumin Janfalan ya zauna da baƙon da ya zo sayen rake kasuwar Makarfi, kowa da irin dokar da ya tashi ya tarar. Wasu wuraren gida arba'in da biyu suke haƙawa, a Nijar kuma sunan wasan dili. Duk wannan ilimi a ka yake, kuma masu riƙe da shi tsufa suke yi, yara kuwa sun koma lido da wasannin waya.

A Amurka ba haka aka bar wasannin tebur ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke ɗaukar matsayin jarumi, wani yana jan labari kamar mai tatsuniya. An yi ta gyara dokokinsa: bugu na biyar ya fito a 2014, a 2024 kamfanin Wizards of the Coast ya sake sabunta littattafan. Masu wasan har yau suna neman tsohon bugu, su ajiye kusa da sabo, su duba abin da aka cire da abin da aka ƙara. A 2024 ya cika shekara hamsin kacal, dara kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba.

Hausawa ma sun taɓa ɗaukar wannan hanya. Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Sai dai littafin wasa ba a yi masa bugu ɗaya a naɗe hannu, domin wasa yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga tsara zuwa tsara.

Wasu za su ce rubutu zai daskarar da dara, ya danne salon kowane gari. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa a rubuta kowane salo da sunan garinsa, na Janfalan gefe da na Hunkuyi, ba a fifita wani ba.

Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello ba, ga Zariya nan kusa. Su zauna da gwanaye tun suna raye, su zana gidajen, su rubuta dokoki da kalmomin da ake furtawa a bakin rami. A buga ɗan littafi mai araha don makarantun firamare, bayan 'yan shekaru a koma wa dattawan da shi, su nuna inda aka yi kuskure, a fitar da bugu na biyu.