Allurar Da Ke Laluben Rubutun Halitta

A Titin Surame da ke Unguwar Rimi, Kaduna, akwai ma'aikatar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa tun zamanin Turawa. Abokiyar gabarta ita ce ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke sa wa mutum da saniya. Wannan ƙwaya, kamar kowane mai rai, tana ɗauke da wani siririn zare da masana ke kira DNA, wanda aka rubuta dukan halinta a kansa da haruffa huɗu tak. Wanda ya iya karanta shi zai san irin cutar, ya kuma bi sawun dalilin da ya sa wani lokaci magani ba ya cinta.

To, yaya za a karanta abin da ido ba ya gani? A 1981 wasu masana biyu a Zurich, Binnig da Rohrer, suka ƙera madubin da ba shi da gilashi. Allura ce mai tsinin gaske. Akan matso da ita dab da abu ba tare da ta taɓa shi ba, sai 'yar wutar lantarki ta tsallaka tsakaninsu, ƙarfinta ya nuna inda tudu yake da inda kwari yake. Aka ba su kyautar Nobel a 1986, aka kuma sa rai za a shimfiɗa zaren nan a bi shi harafi harafi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Zaren yakan nannaɗe, ba ya kuma son wuta ta bi ta cikinsa. Sai a 2009 masana a Osaka ta Japan suka miƙar da shi bisa tagulla, amma harafi guda kaɗai suka iya rarrabewa sosai. Alhali kuwa tun 2005 an karance zaren ƙwayar ciwon barci ta hanyar haɗa magunguna, na ƙudan tsando kuma a 2014. A 2015, lokacin annobar Ebola, an yi wannan aiki a Gini da na'urar da ke shiga aljihu.

A ganina bai kamata hukuma ta jira allurar nan ba. Makiyayin da shanunsa ke ramewa bayan an yi musu magani, amsa yake bukata bana. A sayo na'urorin da aka riga aka jarraba, a kai Unguwar Rimi. Malaman makaranta kuwa su ne za su samo yaran da za su riƙe su, watau masu ƙarfi a lissafi da kimiyya.